Tsagar da ke Jikin Sojojin Jini

 

Magana ce a kan gwajin jini da likitoci ke nema idan ana zargin sankarar jini, musamman ga yara. Sau da yawa iyaye kan ce an riga an ɗibi jini, me ya sa za a sake, ga kuma tsada. Ga dalilin.

A jininmu akwai fararen ƙwayoyi, su ne sojojin da ke yaƙar cuta, kuma a ɓargo ake haifarsu. A madubin likita wasunsu suna kama da juna ƙwarai. Amma Allah ya sa wa kowane iri alama a fatarsa, kamar yadda a da ake gane Bagobiri ko Babarbare da tsagar fuska. Likitoci suna kiran alamomin CD, kowace da lambarta, tun taron da masana suka yi a Faris a 1982. Sojan da ake kira T yana ɗauke da CD3. Wanda ake kira B, mai haɗa makaman garkuwa, yana da CD19, idan ya girma kuma ya ƙara CD20. Jariran ƙwayoyi da ba su nuna ba sukan ɗauki CD34.

A sankarar jini mai saurin tsananta, ƙwayoyin da ba su nuna ba ne ke cika ɓargo su hana lafiyayyu wuri. Na'ura mai hasken lesa tana duba su ɗaya bayan ɗaya, ta karanta tsagarsu. Da haka likita ke sanin irin sankarar, domin maganin kowace daban ne. Akwai ma maganin da ke kama mai CD20 kaɗai.

Don haka idan yaro ya ɗashe, zazzaɓi ya ƙi sauka, dasashi na zubar da jini, a kai shi asibiti. Nan Dubai akwai asibitin yara na Al Jalila da aka buɗe a 2016. In an nemi wannan gwaji, kada a ɗage, kada a ce sai an koma gida. Wanda ba shi da inshora ya sanar da mu a asirce. 'Yan kasuwar Naif da Deira, asusun marasa lafiya yana jiran sadakarku.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.