Karan Dawa da Danƙon da ke Cikinsa



Duk wanda ya bi ƙasar Danchadi bayan kaka zai tarar da karan gero da na dawa jibge a gonaki. Ana yin zana da danga da wani, mata su yi girki da wani, dabbobi su cinye ganyen su bar sandar. Dalilin da ya sa saniya ke barin sandar nan shi ne abin da wannan lacca za ta duba.

Jikin kara zaruruwa ne, sa'an nan akwai wani danƙo mai tauri da ya ɗaure su, kamar yadda laka ke riƙe ciyawa a tubali. Masana suna kiransa liginin, daga kalmar Latin mai nufin itace. A busasshen tsiro yakan kai kashi 15 zuwa 30 cikin 100. Shi ke tsai da dawa a gaban iska, shi ne kuma ke hana tumbin dabba kaiwa ga abincin da ke cikin zaruruwan.

Darajarsa kuwa tana cikin ƙirarsa. An gina shi da zobba masu ƙwayar kabon shida-shida, irin waɗanda masana'antu ke samu daga man fetur don yin gam ɗin katako da roba da magunguna. Rijiyar mai tana ƙafewa, alhali kara kowace damina sabo yake fitowa. Sai dai zobban a sarƙe suke ba bisa tsari ɗaya ba, kuma in an tsananta wuta wajen raba su, sukan sake haɗewa su fi da tauri. Saboda haka masana'antun takarda na duniya, waɗanda ke fid da miliyoyin tan na liginin kowace shekara, ƙone mafi yawansa suke yi don samun wuta.

Duk da haka an sami nasarori. Tun 1962 kamfanin Borregaard na ƙasar Norwe yake fid da banilin daga liginin, watau sinadarin ƙamshin da ake sa wa biskit da alewa. A 1983 kuma masu bincike a Amurka suka gano ruwan narkarwar da wata funfunar itace ke fitarwa, wanda ke farfasa liginin ba tare da wuta ba. Gara ma ta san wannan hanya, domin wasu irinta suna renon funfuna a cikin suri, ita ke tausasa musu itacen da suka kwaso.

Fid da sinadari daga kara ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato. Da karan dafi ake rina jar fatar da ta yi suna har Turai, da tokar kara kuma mata ke yin ruwan toka. Dangin wannan ruwa mai kaifi masana'antun takarda ke dafa itace da shi don raba liginin da zare.

Mataki mafi kusa ga manomin Danchadi ko na Shagari shi ne takin yuriya. A narka kilo 4 zuwa 5 a ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na yankakken kara, a rufe ruf da leda mako 2 zuwa 3. Iskar amoniya da ke tashi tana sassauta ɗaurin danƙon, dabba ta ci ta amfana a tsakiyar rani. Lalle ne a shanya shi ya sha iska kafin a zuba wa dabba.

Mataki mai nisa aikin jami'a ne. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1982, ta daɗe tana aiki kan iskar gas daga kashin shanu da murhu mai tattalin itace. Ya kamata ɗaliban kimiyyar sinadarai su sa kara da ɓuntun shinkafar fadama cikin bincikensu.

Amma akwai gargaɗi ga ma'aikatan gona. Karan da aka bari a gona shi ke kare ƙasa daga iskar hunturu, ya ruɓe ya zama taki. In masana'anta ta zo saye, aka kwashe shi kakaf, riba ta shekara ɗaya ce, asara kuwa ta shekaru. Wajibi ne a fara ƙididdige rabon ƙasa da na dabba da na murhu. Abin da ya ragu shi ne na masana'anta.