Tsufa Ba Ya Rage Zafin Rashi

Yau maganar kakata zan yi, wadda Allah Ya yi wa rasuwa a Shanono ana tsakiyar girbin gero. Ita ta goya ni, "maigida" take ce min, ta ɓoye min gyaɗa a ƙwarya. A zaman makoki kowa sai ya ce, "Ai ta tsufa, sai haƙuri." Haka ne, amma wallahi tsufa ba ya rage zafin rashi. Kuma kuka ba rashin tawakkali ba ne. Annabi (SAW) ma ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. In kana da tsohuwa a ƙauye, kar ka jira Sallah, je ka gaishe ta. Allah Ya jiƙan magabatanmu.