Ministan Tsaro: Farar Hula a Kan Bindiga



Tambayar da na zo da ita ita ce: don me mai babbar riga zai shugabanci masu kaki? A tsarin mulkinmu na 1999, shugaban ƙasa shi ne babban kwamandan askarawa. Ministan tsaro wakilinsa ne: shi ke tsara manufa, ya kai kasafin kuɗin soja gaban majalisa, ya amsa tambayoyin wakilan jama'a. Fagen fama kuwa aikin hafsoshi ne.

Mu waiwayi Jamhuriya ta Farko. Alhaji Muhammadu Ribaɗu na Adamawa ya riƙe muƙamin daga 1960 har rasuwarsa a watan Mayun 1965. A zamaninsa aka raba guraben hafsoshi, Arewa rabi, Gabas da Yamma rubu'i-rubu'i. A 1964 aka kafa makarantar horon hafsoshi da masana'antar makamai a Kaduna, aka kuma kafa rundunar mayaƙan sama. A 1965 Bature na ƙarshe ya miƙa ragamar soja ga Aguiyi-Ironsi. Alhaji Inuwa Wada, mutumin Kano, shi ya gaji Ribaɗu, amma bai cika shekara ba aka yi juyin mulkin 15 ga Janairun 1966.

Daga nan soja ya zama alƙalin kansa. Janar Sani Abacha ya hau kujerar a 1990, kuma daga kanta ya karɓe mulkin ƙasa a Nuwamban 1993. Ashe idan mai gadi ya riƙe makullin gida da na rumbu, mai gida ya zama baƙo.

Mu a Wudil ba mu nisa da zancen nan. Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, wanda ya yi makarantar koyon sana'a a garin nan, ya zama ministan tsaro a 2003, bayan Janar Ɗanjuma.

'Yan'uwa, cikinmu akwai waɗanda gobe za su zauna a ma'aikatu suna rubuta takardun kuɗi. Ƙurtun da aka tura Sambisa ko dajin Zamfara ɗan talaka ne irinmu. Idan kuɗin harsashinsa ya salwanta a ofis, jininsa yana wuyan mai alƙalami. Saboda haka wajibi ne mu koyi karanta kasafin tsaro, mu tambayi wakilanmu inda ya tafi.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.