Yini Guda a Aji Biyar: Abin da Muka Gani da Abin da Ya Rage Gare Mu

(Jawabin da Kwamitin Ilimi ya gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara, washegarin Babbar Sallah)

 



Idan ba a manta ba, a taron bara an ɗora wa wannan kwamiti nauyin duba halin da makarantar firamare ta garinmu take ciki. Abin da aka saba shi ne a je a ƙirga tagogin da suka karye da rufin da ke yoyo, a rubuta rahoto. Mu kuwa sai muka nemi izinin hedimasta, muka sami benci a bayan aji muka zauna, tun daga kaɗa ƙararrawar safe har aka tashi. Kwana uku muka yi muna haka a aji huɗu da biyar da shida, domin Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Mun zaɓi waɗannan azuzuwa ne bisa dalili. Daga aji ɗaya zuwa uku karatun kansa yaro yake koyo; daga aji huɗu kuwa da karatun ake so ya koyi sauran abubuwa. Wanda ya haura wannan mataki bai iya karatu ba, duk darasin da za a yi a gabansa sai ya zame masa kallon kallo. Sa'an nan ko da yake dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, mun sani cewa a wurin yaran garinmu da dama aji shida shi ne zangon ƙarshe. Abin da suka fita da shi daga nan, shi ne guzurinsu na rayuwa.

Safiya

Da misalin bakwai da rabi yara suka fara isowa, kowa da tsintsiyarsa. Ƙararrawar tana nan yadda muka bar ta: tsohon ƙarfen mota rataye a jikin darbejiya. Da aka yi layi aka rera taken ƙasa, waɗanda suka yi firamare kafin 1978 daga cikinmu suka ji ƙuruciyarsu ta dawo, saboda taken da muka rera a wancan zamani shi aka maido a 2024. Aka duba farce da haƙora, aka tsare 'yan latti. Da muka tambayi dalilin lattinsu, mafi yawa ɗiban ruwa ne ya tsayar da su, wasu kuma daga makarantar allo suke. Malami ya kira rajista, sannan ya shaida mana cewa mun taki sa'a ba ranar kasuwa muka zo ba, kuma ba lokacin noman fari ba ne. Da mun tarar da benci ya fi yara yawa.

Darasin Lissafi

A nan muka ga abin da ya faranta mana rai. Malamin aji biyar ya shigo riƙe da karan rake mai gaɓa takwas. Ya karya shi biyu ya ce wannan rabi ne; ya sake karyawa ya ce rubu'i; ya ɗaga gaɓa guda ya ce ga ɗaya bisa takwas, wato tumunin da suke jin ana ba matar mamaci idan ya bar 'ya'ya. Daga nan ya tambaye su: manomi ya sami dami sittin na gero a gonar damina, dami nawa zai fitar na zakka? Hannuwa suka tashi ko'ina, ana rige-rigen cewa shida, wato ushiri. Ya ce to idan noman rani ne, wanda aka sha wahalar ban ruwa? Wata yarinya daga bayan aji ta ce uku. Ya koma kasuwa: ɗan akuya an saye shi naira 40,000, an sayar 50,000, ribar kashi nawa ce cikin ɗari? Ba a daɗe ba aka ba shi amsa, kashi 25.

Sai dai da ya juya ga allo ya rubuta irin wannan tambaya da Turanci, ya ce kowa ya yi a littafinsa, sai ajin ya yi tsit. Yaran da suka raba dami sittin da ka yanzu-yanzu, su ne suka zauna suna tauna bayan biro. Lissafin suna da shi a kai. Tambayar ce ba su iya karantawa ba.

Maganar Harshe

Wannan matsala ta girmi yaran nan. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da harshen uwa a shekarun farko na firamare, daga baya a koma Turanci. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a yi amfani da harshen uwa har aji shida, a 2025 kuma aka janye, aka ce a koma Turanci. Kowace manufa aka zo da ita, abin da malami yake yi a ajinmu guda ne: ya rubuta da Turanci, ya yi bayani da Hausa, ya ba da jarrabawa da Turanci.

A darasin Turanci littattafan da ke ajin ba su kai a raba wa kowane benci ba, saboda haka malami ya ɓata rabin lokacinsa yana kwafe labarin a allo. Ya karanta, yara suka amsa gaba ɗaya da murya mai ƙarfi. Wanda ke wucewa ta bayan taga zai rantse kowa ya iya. Da muka roƙi malam ya tayar da su ɗaya bayan ɗaya, muka nuna kalma daga tsakiyar layi, sai asiri ya tonu: da yawa hadda suke yi, suna ɓuya cikin muryar 'yan'uwansu. Mun ga yaro a aji shida wanda rubutunsa ya yi kyau kamar an buga, amma bai san abin da ya kwafa ba.

Darasin Hausa ya fi armashi, ko da yake shifta ta nuna cewa ƙalilan ne ke bambanta kafa da ƙafa, ko bari da ɓari. A makarantar duka kwafi guda na Magana Jari Ce muka gani, wanda Abubakar Imam ya rubuta tun shekarun 1930, bangonsa ya yage, malami ke ajiye shi a gida. Mu tuna fa, a zamaninmu ɗan aji biyar shi ne marubucin unguwa: shi ake kira ya rubuta wasiƙa zuwa ga wanda ya tafi cin rani, shi ke karanta amsa. Yau waya ta maye gurbin wasiƙa, amma har gobe ana bukatar mai karanta saƙon banki da takardar asibiti da umurnin da ke jikin kwalbar maganin feshi.

Lokacin Tara

Da aka kaɗa tara, bakin makaranta ya cika da masu ƙosai da awara da dafaffen rogo. Maza suka shiga ƙwallo da langa, mata suka kafa gaɗa. Abin da ya sosa mana rai shi ne, cikin 'yan matan da ke ɗauke da farantin talla akwai waɗanda sunansu ke cikin rajistar aji shida. Suna sayar wa 'yan ajinsu abinci, a koma aji su kuma su wuce tasha. Haka nan wasu yaran da suka tafi gida karin kumallo ba su dawo ba, domin ba su tarar da abin karyawar ba.

Bayan Tara

Malamar kimiyya ta aji huɗu ba ta da ɗakin gwaji, amma tana da gwangwani uku a bakin taga. An shuka wake a kowanne: ɗaya ana ba shi ruwa yana samun rana, ɗaya an hana shi ruwa, ɗaya an rufe shi da kwali. Yaran da kansu suka yi mana bayanin dalilin da ya sa na farko ya yi kore shar, na biyu bai tsiro ba, na uku ya yi tsawo amma ya koɗe. Ta kuma koya musu haɗa ruwan gishiri da sukari domin mai gudawa: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wannan darasi kaɗai yana iya ceton ran ƙanin wani a cikinsu.

A nazarin zamantakewa babu taswira, sai malami ya zana Nijeriya a allo, ya ja Neja da Binuwai har suka haɗu a Lokoja. Yara sun haddace cewa jihohi 36 ne, ƙananan hukumomi 774, amma ba mu ji an taɓa gaya musu wanda ya kafa garinmu ba, ko dalilin sunayen unguwanninmu. Gonar makaranta, inda muka koyi yin kunya da tazarar shuka, gine-gine sun ci rabinta. Aikin hannu kuwa, wanda muke saƙa tabarma da faifai da tufka igiya, ya koma a sayo tsintsiya a kasuwa a kawo a karɓi maki.

A darasin addini ne muka ga kowa na ɗaga hannu. Wannan ya tabbatar mana da abu guda: yaron da ya haddace izu biyu ko uku a Islamiyya ba daƙiƙi ba ne. Inda ake bibiyarsa kullum, ake sauraron karatunsa shi kaɗai, yana ganewa.

Laifin Wa?

Ba mu zo nan don mu ɗora wa malamai laifi ba. Mun ga malami guda yana riƙe da aji biyu, ya ba wannan aiki ya ruga wancan. Mun ga wanda ke sayen alli da kuɗin aljihunsa. Akwai masu sakaci, gaskiya ne, kuma akwai haƙƙin da ke wuyan hukuma. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: mu ma muna da kasonmu. Kusan dukkanmu da ke zaune a nan daga waɗannan azuzuwa muka fito, wasunmu albarkacin shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Yau 'ya'yanmu suna makarantun kuɗi a birane, muna duba littattafansu kowane dare. Na 'yan'uwanmu da ke gida kuwa sai da Sallah muke ganinsu, mu raba musu sababbin takardun kuɗi mu kama hanya. A matsayinmu na ƙungiya mun fi son aikin da za a yanka kyalle a ɗauki hoto. Gini abu ne mai kyau, sai dai bango ba ya koyar da karatu.

Shawarwarin Kwamiti

1. A sayi littafin karatu na Hausa da na Turanci da na lissafi, yadda kowane benci a aji huɗu zuwa shida zai sami nasa, a kuma tanadi akwati mai makulli na littattafan labarai a kowane aji.

2. Ƙungiya ta ɗauki nauyin alawus na matasanmu biyu masu shaidar NCE da ke zaune ba aiki, su riƙa ware yaran da ba su iya karatu ba, suna koya musu na awa guda kullum, tun daga baƙi da wasali.

3. A ƙarshen kowane zango wakilanmu su zauna da malamai a saurari karatun kowane yaro shi kaɗai, a rubuta sakamako, a buga shi a wannan mujalla kamar yadda ake buga bayanin kuɗi.

4. Muna roƙon Mai girma Hakimi da limamanmu su sa baki a kan tallar 'yan mata a lokacin makaranta. Reshen mata kuma ya duba yadda za a tallafa wa iyayen da tallar ce abincinsu, domin hani ba tare da madadi ba ba ya ɗorewa.

5. A biya wa 'yan aji shida masu ƙwazo kuɗin jarrabawar shiga makarantun sakandaren gwamnatin tarayya, wadda hukumar NECO ke shiryawa, maza da mata daidai wa daida.

6. Duk wanda ya zo gida a lokacin da makaranta ke buɗe, likita ne ko injiniya ko ɗan kasuwa, ya ba aji shida rabin awa, ya gaya musu cewa a kan wannan benci ya zauna.

Kammalawa

'Yan'uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarinyar nan da ta ba da amsar zakkar noman rani tana aji biyar a bana. Nan da shekara biyu ko dai tana ƙaramar sakandare, ko tana bakin makaranta da faranti a ka. Hukuncin da za mu yanke yau yana da hannu a cikin wanda zai tabbata daga biyun. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka muna roƙon kowane reshe ya faɗi abin da zai ɗauka kafin a tashi daga wannan taro.