Shafin Hukuma, Ina Amsa?



Yau maganarmu a kan shafukan hukumomi ce a Facebook da X.

Ku tuna shekarar 2020, lokacin korona. Kusan kullum da dare, hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka kan wallafa adadin waɗanda suka kamu a shafinta na Twitter (X a yau), jiha-jiha. Jama'a na jira, 'yan jarida na ɗauka. Kowa ya san inda zai duba, ya san lokacin da zai duba.

To, yau ku leƙa shafukan ma'aikatunmu da dama. Oga ya karɓi baƙi. Oga ya buɗe taro. Oga ya yi murmushi. A ƙasan hoton kuwa, mutane na tambaya: yaushe za a gyara famfo? Yaushe za a biya fansho? Shiru kake ji. Kuma komai da Turanci, alhali masu tambayar da Hausa suka yi tambaya. Kafin hukuma ta farga, jita-jitar WhatsApp ta riga ta amsa a madadinta.

Jami'an hulɗa da jama'a, da ku nake. Ku ajiye wanda aikinsa amsa tambaya ne. Ku amsa da wuri, ku amsa da harshen mai tambaya.