YAWAN IHU A TALABIJIN BA SHI NE HUJJA BA

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da Malam ya gabatar wa 'yan'uwa matasa a kan masu sharhin siyasa na tashoshin talabijin na Amurka.

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (S), Malam ya fara da cewa abin da ya sa ya zaɓi wannan maudu'i shi ne yadda yake ganin matasa suna cacar baki a majalisu, kowa ya ɗauko guntun bidiyon wani Ba'amurke mai sharhi a wayarsa ya kafa hujja da shi, alhali bai san ko wane ne shi ba, bai kuma san wanda ke biyansa albashi ba. Ya ce wanda zai sha ruwan rijiya ya kamata ya fara leƙa ta.

Malam ya ce tashar CNN da Ted Turner ya kafa a 1980 ita ce ta fara watsa labarai dare da rana, ta kuma yi suna a yaƙin Tekun Fasha na 1991. A 1996 aka buɗe MSNBC da Fox News. Attajiri Rupert Murdoch ne mai Fox a lokacin, wanda kuma ya ɗora a kanta shi ne Roger Ailes, mutumin da ya yi wa Nixon da Reagan da Bush babba aikin tallata su ga masu zaɓe. Don haka, in ji shi, tun daga tushe ɗan siyasa ne ya riƙe linzamin. Daga bisani MSNBC ita ma ta jingina da ɓangaren jam'iyyar Democrat, kowa ya kama kasuwarsa.

Ya ce kuma kasuwa ce ta haƙiƙa. Aika wakili filin daga yana cin maƙudan kuɗi, amma zaunar da mutum huɗu a ɗaki suna yi wa juna tsawa ba ya cin komai, ga shi yana tara 'yan kallo, 'yan kallo kuma su ne ke kawo kuɗin talla. Saboda haka wanda ya fi iya harzuƙa mutane shi ake bai wa lokacin da aka fi kallo.

Daga nan sai Malam ya shiga kawo misalai. Ya ce a Fabrairun 2003, ana saura 'yan makonni a mamaye Iraƙi, MSNBC ta soke shirin Phil Donahue wanda ke adawa da yaƙin, aka kuma bankaɗo wani rahoton cikin gida da ke nuna fargabar kada tashar ta zama dandalin masu ƙin yaƙi. A shekarar ne wani bincike na Jami'ar Maryland ya gano cewa kashi 80 cikin ɗari na masu dogaro da Fox sun gaskata aƙalla ɗaya daga cikin abubuwa uku marasa tushe game da yaƙin, ciki har da cewa wai an gano makaman ƙare-dangi a Iraƙi. Ya ce a nan za a gane cewa sharhi ba hira ce kawai ba, yana iya share fagen zubar da jini.

Malam ya ƙara da cewa Musulmi sun sha raɗaɗin wannan harshe. A 2006 Glenn Beck, a wata tasha ta kamfanin CNN, ya dubi Keith Ellison, Musulmi na farko da aka zaɓa zuwa Majalisar Dokokin Amurka, ya ce masa yana jin kamar ya nemi ya tabbatar masa cewa ba ya yi wa abokan gaba aiki. A 2010 Juan Williams ya faɗa a Fox cewa hankalinsa na tashi idan ya ga masu shigar Musulmi a jirgin sama. Gidan rediyon NPR ya sallame shi, Fox kuwa ta ba shi sabuwar kwangila ta kusan dala miliyan 2. A Janairun 2015 Steven Emerson ya ce wai birnin Birmingham na Ingila duk Musulmi ne, wanda ba Musulmi ba ba ya shiga, alhali ƙidayar 2011 ta nuna Musulmin birnin ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sai da Firayim Minista David Cameron ya kira shi wawa, tashar kuma ta nemi afuwa.

To amma ya ja kunnen 'yan'uwa kada su ɗauka cutar ta gida ɗaya ce. A 2016 CNN ta raba gari da mai sharhinta Donna Brazile bayan ta bayyana cewa ta tsegunta wa ɓangaren Hillary Clinton tambayoyin da za a yi mata. A 2020 kuma kotuna sun kori ƙarar ɓata suna da aka kai kan kalaman Tucker Carlson na Fox, da wadda aka kai kan Rachel Maddow ta MSNBC, bisa hujjar cewa mai kallo mai hankali ya san ra'ayi da zuguguwa yake ji, ba tsantsar labari ba. Malam ya ce, "Lauyoyinsu ne suka kare su da wannan a gaban alƙali. To kai me ya kai ka yin rantsuwa a kan maganarsu?"

Babban abin kunyar, in ji Malam, shi ne shari'ar kamfanin Dominion mai na'urorin zaɓe. Fox ta yi ta ba da fili ana cewa an yi maguɗi da na'urorinsa a zaɓen 2020, sai saƙonnin sirri da aka gabatar a kotu suka nuna manyan masu sharhinta ba su yarda da zancen ba, tsoron kada 'yan kallo su gudu ne ya hana su faɗin gaskiya. A Afrilun 2023 tashar ta amince ta biya dala miliyan 787.5, bayan 'yan kwanaki kuma ta rabu da Carlson.

Malam ya ce aya ta 6 a Suratul Hujurati ta riga ta ɗora wa mumini nauyin bincikar labari kafin ya yi aiki da shi. Ya ce jarrabawar ba ta wajen mai zaginmu ba ce, domin shi kowa zai ƙaryata shi. Jarrabawar tana wajen wanda ya faɗi abin da ya yi mana daɗi. Mutumin da ya soki yaƙi yau har muka yi masa tafi, mai yiwuwa jiya shi ne ya kaɗa gangarsa.

Ya rufe da nasihohi uku: a bambance mai kawo rahoto da mai faɗin ra'ayi, a tambayi wa ke da tashar, me kuma zai samu, kada kuma a tura guntun bidiyo sai an ji abin da ke gabansa da bayansa. Ya ce wanda ya yaɗa ƙarya yana da kamasho a zunubinta, ko da da yatsa ɗaya ya tura ta.

Daga nan aka yi addu'a, aka sallami jama'a.