Zanen ƙasa ma hanya ce ta kiyaye ta

A shekarar 1871, wani mai zane a Amurka, Thomas Moran, ya bi ayarin masu bincike zuwa dajin Yellowstone, ya zana duwatsunsa da kwazazzabansa. 'Yan majalisar da ba su taɓa taka wurin ba suka ga zanen tare da hotunan da aka ɗauko, kuma a 1872 suka keɓe dajin ya zama gandun ƙasa na farko a Amurka.

To, mu a nan garin Mai Yara fa? Muna da abin zanawa. Ga gawo, mai zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani lokacin da awaki ke neman inuwa. Ga shanu cirko-cirko a bakin rijiya, makiyayi na jan guga. A nan yankin Dakoro kuma akwai gandun Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, inda aka dawo da raƙuman dawa takwas a 2018. Amma yawancin yaranmu ba su taɓa zana ko itacen ƙofar gidansu ba, alhali gatari da rairayi na cin daji kowace shekara.

Malaman makaranta, ku ba yara takarda da fensir, ku fita da su bayan gari. Yaron da ya zauna ya zana gawo reshe-reshe zai yi tunani kafin ya ɗaga masa gatari.